Shifo: Birin da Ya Fi Malaminsa Gani

A zangon Salaga, ko na Yendi, ko na Bawku, idan kana son ganin magidanta masu 'ya'ya uku-huɗu sun koma yara, ambaci Shifo. Nan take wani zai kare goshi da hannu yana hangen nesa irin na biri, wani ya turo tumbi gaba ya ce shi ne Baje, kafin shayi ya huce gardama ta kaure. Shifo shi ne sunan da 'yan Ghana suka laƙaba wa wani wasan talabijin, don shi ne kiran da almajiran cikinsa ke yi wa malaminsu dare da rana, shi kunne ya fi kamawa cikin Sinancin da ba ma ji. Sunansa na yanka Tafiya Zuwa Yamma, kuma gidan talabijin na ƙasar Sin, CCTV, ne ya shirya shi. An fara ɗauka a 1982, aka nuna kashi 11 a 1986, aka cika 25 a 1988, sannan aka ƙaro 16 a shekarar 2000.

Tushen labarin gaskiya ne. Wani malamin addinin Buddha mai suna Xuanzang ya bar birnin Chang'an a zamanin daular Tang, ya keta hamada da tsaunuka har Indiya, ya yi zaman karatu a Nalanda, ya dawo gida a shekarar 645 da littattafai 657. Labarinsa ya yi ta yawo a bakin masu tatsuniya har ya zama littafi mai babi 100 da ake jingina wa Wu Cheng'en, wanda bugunsa mafi tsufa da ya rage na 1592 ne. Kafin lokacin an riga an haɗa malamin da abokan tafiya: Sun Wukong, birin da dutse ya haifa, mai rikiɗa 72 da sandar da ke ƙanƙancewa ya soke ta a kunne; Zhu Bajie, wato Baje, mai kan alade da manjagara mai haƙora tara; Sha Wujing, dodon kogi da ya tuba; da farin doki. Jarrabawa 81 ke jiran su kafin su kammala tafiyar.

Mutumin Salaga ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane wannan tsari, domin ayari ne ya kafa zangonsa. A da fataken goro kan taso daga Kano, su haye Kwara ta wajen Yawuri, su bi Nikki da Jugu da Sansanne Mango, su yada zango a Yendi kafin su sauka Salaga, tafiyar watanni. Kowane ayari da madugunsa, da jagaban da ke shiga gaba ya duba hanya, da malamin da ke riƙe da addu'a. A wasan nan biri ne jagaba, Sha ne ɗan dako, kuma duk ƙasar da suka shiga sai an je fada an gai da sarki an buga wa takardar hanya hatimi. Malami mai tafiya da littattafai a bayan dabba ma ba baƙo ba ne a nan. Ta wannan hanyar wani malami, Alhaji Umaru, ya zo daga Kano, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934.

Amma abin da ya hana gardamar mutuwa yana kashi na 10. Wata aljana, asalinta ƙasusuwan gawa, ta ji cewa duk wanda ya ci naman wannan malami ba zai mutu ba. Ta rikiɗe budurwar ƙauye ɗauke da kwandon abinci. Baje na haɗiyar yawu, malam na godiya, sai biri ya diro daga sama, shi da idonsa ke gane aljani ko a wace kama ya zo, ya maka mata sanda. Ta bar gawar bogi ta tsere. Ta dawo a tsohuwa tana cigiyar 'yarta, ya sake bugawa. Ta dawo a dattijo yana neman iyalinsa, ya cika na uku. A idon malam, almajirinsa ya shafe gida guda cikin yini ɗaya. Sai ya shiga karanta addu'ar da ke matse zoben zinariyar da ke kan birin, ga wanda ya taɓa hargitsa fadar sama shi kaɗai yana birgima a turɓaya, riƙe da kai, yana kiran sunan mai azabtar da shi. Daga nan malam ya rubuta masa takardar sallama.

Samari ba sa yafe wa Shifo wannan. Cewa suke ragon malami ne, ko kaza ba ya iya korewa, ga taurin kai, kuma da su ne da sun bar shi aljanu su yi farfesunsa. Waɗanda suka daɗe a gaban allo kuwa sukan ce a yi wa malam adalci: gawa uku ce a gabansa, shi ba ya ganin gaibu, kuma birin nan ya taɓa kashe 'yan fashin da suka tare su tun farkon tafiya, dalilin da ya sa aka ɗaura masa zoben ke nan. Wane alƙali ne zai saki mai sanda don kawai ya rantse cewa wanda ya kashe aljani ne? Iyaye mata da dama Baje suka fi jin haushi, shi da ya tsaya gefe yana zuga malam don an hana shi cin abincin kwando.

Ni ina ganin nan ne wasan ya zarce sa'o'insa, domin ya ƙi bai wa kowa gaskiya dukkanta. Biri yana gani amma ba ya iya riƙe hannunsa. Malam yana riƙe da ƙa'ida amma ana yaudararsa da hawaye. Abin da ke kama zuciya shi ne yadda biri ya karɓi korar. Da tsalle ɗaya zai iya komawa dutsensa inda dubban birai ke kiran sa sarki, amma ya tsaya yana roƙon a bar shi ya yi gaisuwar ban kwana, malam ya juya masa ƙeya. A littafin asali har gashinsa ya tsige ya hura, ya zama birai da yawa suka kewaye malamin, ta yadda duk inda ya juya sai ya tarar da mai durƙuso. Biri ya tuna cewa shekara 500 ya yi a ƙarƙashin dutse, ciyawa na tsiro masa a ka, kuma wannan mai raunin ne ya hau ya cire hatimin. Duk wanda ya taɓa shan bulalar malami kan laifin da bai yi ba, ya kuma tashi da asuba ya ɗebo masa ruwan alwala, ya san abin da ke cikin ƙirjin birin nan. A kashi na 11, da wani aljani ya mai da malam damisa aka kulle shi a keji, Baje ya je biko. Biri ya yi ta jan aji, Baje ya shirga masa ƙarya cewa aljanin ya zage shi, shi kuwa ya kama wannan hujja da hannu biyu, don dama hanyar komawa yake nema.

Yabo mafi girma na Yang Jie ne, matar da ta ja ragamar aikin, wadda ta rasu a 2017. Da kyamara ɗaya tak aka ɗauki kashi 25 ɗin farko cikin shekara shida, mijinta Wang Chongqiu ne ke riƙe da ita. Kuɗi suka ƙare a tsakiya, sai da wani reshen kamfanin gina layin dogo ya kawo ɗauki, duk da haka aka yanke kashi biyar daga 30 da aka tsara. Ta ƙi zama cikin ɗakin ɗauka, ta kwashi jama'arta lardi-lardi har Tailan, shi ya sa duwatsu da koguna da gidajen ibadar da ake gani na gaske ne, kuma mai kallo yana jin nisan tafiyar a jikinsa. Sai Zhang Jinlai, wanda aka fi sani da Liu Xiao Ling Tong, ɗan gidan da suka gaji wasan biri kaka da kakanni. Fuskarsa a rufe take da gashi da fenti, ido kawai ya rage masa, kuma da idon nan yake yin fushi da tsokana da kuka. Dubi yadda yake ƙifta su da sauri, yadda yake sosa bayan hannu, yadda yake tsayawa da ƙafa ɗaya a kan sanda. Faɗansa rawa ce ta dandalin gargajiyar Sin, babu jini, shi ya sa kaka da jika ke iya zama tabarma ɗaya su kalla. Kiɗan buɗewa na Xu Jingqing, wanda ya gauraya kayan kiɗan lantarki da na gargajiya, a da yana tashi yaran unguwa ke barin ƙwallo su ruga gidan mai talabijin.

Aibi akwai shi. Dabarun hoton sun tsufa, wani lokaci gefen mutum na walƙiya idan yana tafiya kan gajimare. Mutum uku ne suka fito a matsayin malamin, fuskar Shifo ta yi ta sauyawa babu bayani. An bar Sha Wujing da kaya a kafaɗa da 'yan kalmomi kaɗan, alhali shi ne mai haƙurin ayarin. Tsakiyar wasan kuma tana maimaita kanta: a sace malam, a yi faɗa, a kasa, a tafi sama neman taimako. Sai dai cikin wannan maimaicin masu kallo a Bawku da Yendi suka tsinci abin da ya fi ba su dariya mai ɗaci. Aljanin da ba shi da kowa, irin mai ƙasusuwan nan, sanda ke gamawa da shi. Wanda kuwa dabbar hawan wani babba ce ta tsinke daga sama, ana ɗaga sanda ubangidansa zai sauko ya ce a dakata, nasa ne. Hatta a ƙarshen tafiya, masu tsaron taskar littattafai sai da suka nemi na goro, da ba a ba su ba suka miƙa takardun da babu rubutu, har malam ya sadaukar da ƙoƙon bararsa na zinariya. Marubucin ƙarni na 16 da gangan ya sa wannan, yana zolayar fadawan zamaninsa, kuma Yang Jie ba ta goge shi ba.

Akwai malaman da suka hana 'ya'yansu kallo saboda gumaka da sujadar da ake yi musu. Damuwarsu tana da tushe, kuma bai kamata a bar ƙaramin yaro da wasan ba tare da babba ya gaya masa cewa wannan addinin wasu ne da tatsuniyarsu ba. Idan an yi hakan, abin da yaron zai kwasa shi ne ladabin almajiri, da cika alkawari, da illar kwaɗayi irin na Baje.

An sake yin labarin sau da yawa da kuɗi masu yawa da na'urori na zamani, har wasan kwamfuta na Black Myth: Wukong da ya fito a 2024. Yaran yanzu da suka san birin ta nan za su ga na 1986 a hankali yake tafiya. Wanda zai gwada su da shi ya fara da kashi na 10 da na 11 a zama ɗaya, sannan na 17, inda biri ya zama ƙwaro ya faɗa cikin shayin gimbiya mai mafici, ta haɗiye shi, ya yi ta tsalle a cikinta har ta yarda ta ba da aron maficin kashe wutar dutse, ta kuma ba shi na jabu.