Kiɗa Zalla da Kaset ɗin Mamman Sani na 1978

Kiɗa zalla, wanda ba a ɗora masa waƙa ba, bai taɓa yin kasuwa sosai a ƙasar Hausa ba. Abin da ake nema a wurin makaɗi baki ne. Mai kalangu ko mai kotso yana da ubangida, sarki ko attajiri ko ɗan dambe, kuma ambaton sunan ubangidan nan ne ke jawo riga da doki da kujerar Makka. Hatta taken da ake busa wa sarki da algaita ko kakaki magana ce a ɓoye, 'yan gari sun san kirarin da ake nufi. Shi ya sa a zamanin kaset, mai sayarwa a Rano ko Kibiya in ya kunna rikoda ranar kasuwa, Shata zai saka, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗanmaraya Jos. Mai saye kuwa waƙar wane yake tambaya, da sunan wanda aka yi wa ita, bai damu da sauran abin da ke cikin kaset ɗin ba.

Wannan ɗabi'a ta sa aikin da aka tsara shi a matsayin kundi guda, ba ubangida, ba amshi, yakan rasa mai riƙe shi. Babban misali shi ne kaset ɗin Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar, mai suna La Musique Électronique du Niger.

Mamman Sani ba ɗan gidan kiɗa ba ne. Ɗan boko ne, ya yi aiki da hukumar UNESCO, kuma a wani taronta ne ya sayi fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na Italiya, daga hannun wani wakilin Ruwanda. A 1978, zamanin mulkin Seyni Kountché, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai. An ɗauki kiɗan hawa biyu, aka ɗora ɗaya a kan ɗaya. An yi shirin fitar da shi tare da ma'aikatar al'adu, amma shirin bai yi nisa ba, kwafi kaɗan ne suka fita.

Kiɗa shida ne a ciki, daga cikinsu akwai "Lamru" da "Salamatu" da "Bodo". Ginin kusan iri ɗaya ne. Gangar da ke cikin na'urar tana bugawa ba ƙari ba ragi, hannun hagu yana riƙe da amo mai kauri yana maimaita shi, hannun dama kuma yana jan karin a hankali, ya tafi ya dawo, ya ɗan karkata shi kafin ya sake komawa inda ya faro. Karin ba na Turai ba ne. Daga waƙoƙin gargajiya na al'ummomin Nijar ya ɗebo da yawa, kuma wanda ya saba jin sarewar makiyayi zai gane hanyar nan take. Ƙarfin aikin yana cikin haƙurinsa: mai kiɗan bai cika wuri da ado ba, ya bar sarari tsakanin amo da amo, abin da masu fiyano da yawa ba sa iya daurewa su yi. "Salamatu" ta fi kowanne nuna haka.

Akwai rauni, kuma bai kamata yabo ya rufe shi ba. Gangar inji ba ta ganin mai rawa. Kalangu yana matsewa ya saki, ya bi ƙafar yarinya a dandali, ya ja ta ko ya tsayar da ita. Ta inji kuwa tafiyarta ɗaya daga farko har ƙarshe. Kunnen da ya tashi da kiɗan biki zai iya jin wasu wuraren sun yi tsawo ba dalili.

Abin mamakin shi ne kiɗan bai ɓace daga kunnuwan mutane ba. Rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna saka shi tsakanin shiri da shiri, har ya zama sananne a gidaje. Sai dai kiɗan cike gurbi ba a neman sa a shago, ba a gayyatar sa suna ko aure, ba kuma wani babban mutum da zai ce a sake masa shi don a ji sunansa.

A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya sake buga shi a faifai bayan an ci karo da tsohon kwafi a Yamai. Wasu ayyukan Mamman Sani na shekarun 1980 sun biyo baya, ciki har da Taaritt, kuma an gayyace shi wasa a Turai. Ya samu sababbin masu sauraro a can.

A Kano, fiyano ya zo ya mamaye waƙoƙin finafinai daga ƙarshen shekarun 1990, wajen shekara ashirin bayan wancan kaset. Amma a ƙarƙashin murya ya zauna, mace da namiji suna musayar baiti a kansa, kuma da sunan mawaƙi ko na fim ake sayar da shi, ba da sunan wanda ya danna maɓallan ba.