Gudun Me Ake Yi a Titin Boɗinga?

Duk safiyar Asabar, tun rana ba ta buɗe ido ba, wani ayari kan fito daga Sakkwato ya miƙi titin filin jirgi ya nufi Boɗinga. Yawanci samari ne, sai 'yan ma'aikatan ofis biyu ko uku da likita ya ce su rage tumbi. Kowa da hular kwano, da matsattsen wando mai sheƙi, da baƙin tabarau, da gorar ruwa a maƙale jikin keke. Kekunan ma ba irin na iyayenmu ba ne. Masu giya ne, taya siririya kamar yatsa, sirdi kuwa kamar an fere shi don horo. Mai wannan shafi ya daɗe yana kallonsu daga bakin titi, kuma kullum daɗi da takaici ne ke zo masa tare.

Daɗin dai a fili yake: keke ya dawo da mutuncinsa. Akwai lokacin da Raleigh sabuwa ful take isar malamin makaranta ya je neman aure da ƙarfin gwiwa, har kamfanin yana da masana'anta a Kano. Da baburan Sin masu araha suka cika gari, kabu-kabu ya mamaye kowane lungu, sai keke ya koma shaidar talauci, wanda ya hau shi a ce wane ya karye. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya hau keke zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja don ya ƙarfafa wa jama'a gwiwa, ƙasa ta yi ta dariya, musamman da wata bas ta tura shi cikin kwata. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ta zama ranar keke, nan ma ba wanda ya kula. Abin da minista da Majalisar Ɗinkin Duniya suka kasa, cire tallafin man fetur na 29 ga Mayun 2023 ya yi shi cikin 'yan watanni. Yau ɗan Alhaji na taka feda a gaban jama'a ba kunya, har ya ɗora hoton a Facebook. Madalla.

To amma gudun me suke yi?

Daga fitarsu gari har dawowarsu, kai a sunkuye, ido a kan tayar na gaba, baki a buɗe ana haki. Su isa Boɗinga, su tsaya a bakin kwalta su jera kekuna a ɗauki hoto, kowa ya zaro waya ya duba kilomita nawa ta ƙirga masa, su juya. Masu ƙarfin cinya su zarce Shagari, can ma hoto ne da duba waya. Tafiyar kilomita 20 da 'yan kai daga birni, a bi ta cikin ƙasar da ta fi ko'ina tarihi a wannan yanki, a dawo ba abin da aka gani sai bayan tirela.

Wata Asabar cikin hunturu, mai wannan shafi na zaune a benci wurin wani dattijo mai faci, ƙarƙashin dogon yaro, sai ga ayarin ya wuce fuu. Can sai ga ɗaya daga cikinsu ya dawo yana tura nasa, tayar baya ta kwanta. Dattijon ya kifa keken, ya zare tub, ya hura, ya tsoma shi cikin wani tsohon kwano mai ruwa yana juyawa a hankali har kumfa ta nuna masa wurin. Yana goga wurin da 'yar takarda mai kaushi ya ɗago kai.

"Samari, mi aka rabo can gaba da kuka wanga gudu?"

"Motsa jiki ne, Baba," in ji yaron, ya nuna masa fuskar waya.

"Kun biya Sifawa?"

"A'a, Baba, ba ta cikin hanyarmu."

Dattijon bai ƙara cewa komai ba. Ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya danne da babban yatsa.

Ba ta cikin hanyarmu! Sifawa fa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kusan shekara biyar yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ita kanta Boɗingar da suke jingina kekuna a bakin titinta, nan ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. Shagarin da gwanayensu ke taɓawa su juyo, nan aka binne Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, a ƙarshen Disamban 2018. A watan Mayun 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga da Sifawa a kan hanyarsa ta zuwa Gwandu, bisa doki, yana tambayar sunan kowane gari yana rubutawa. Baƙo daga wata uwa duniya ya san sunayen, ɗan gida mai keken ɗaruruwan dubbai ya san saurin da ya yi a minti.

Ko an ajiye tarihi gefe, ƙasar kanta ta isa kallo, in dai mutum zai yarda ya sauka daga kwalta. Bayan kaka, an yanke gero da dawa an ɗaure, turbobin da ke haɗa ƙauyuka sun buɗe sun taurare. Sai ka shiga filin sabara, gajeru masu toka-toka, sun bazu iya ganinka, geza da kalgo a tsakaninsu, tumfafiya ta tsaya inda ƙasa ta gaji. Wannan sabarar da ake rainawa ita ce ta ganyen wankan jego, ita makiyayi ke turara wa shanu don korar ƙuda, ita ke tare rairayi idan iskar hunturu ta taso. Gawo kuwa, da ya yi damina tsirara, yanzu ne ya yi shar, jajayen awaki na tsintar 'ya'yansa a gindi. Ka ci karo da burtali, ka tsaya bokoloji su wuce, balbela na bin sawunsu. Ka gangara fadama ka tarar da masu albasa na ban ruwa, su ce maka sannu da hanya, wataƙila ma a miƙo maka rake. Duk wannan sai mai tafiyar da za a iya yi masa sallama ya amsa yake samunsa. Mai gudun fanfalaƙi, kafin a ce "barka" ya ɓace.

A ƙasar Holan akwai wani gandu kusa da birnin Arnhem, Hoge Veluwe, wanda aka kafa a 1935. Rairayi ne da gajerun tsirrai da kurmi nan da can, wato in an cire sanyi da ruwan sama, ɗan'uwan filin sabararmu ne. In ka biya kuɗin shiga, fararen kekuna kimanin 1,800 na nan a ajiye kyauta, ka ɗauki wanda ka ga dama, ka ajiye inda ka gaji, wani ya ɗauka. Hanyoyin keke sun kai kilomita 40, tsofaffi da yara ke yawo a kansu a natse. Mutanen da suka fi kowa sanin keke ke nan a duniya, amma mu da muka ari kayansu sai muka ɗauko wandon tsere muka baro musu natsuwar.

Abin da ya fi damun mai wannan shafi shi ne, namu filin ba shi da ƙofa ba shi da mai gadi. Masu saran itace da masu gawayi na cinsa ta gefe, gari na cinsa ta ɗaya gefen da fulotai. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, ana bikin dashe ana ɗaukar hoto, alhali a Maraɗi tun shekarun 1980 manoma suka gane cewa barin kututturen sabara da kalgo su sake tohowa, abin da suke kira sassaben zamani, ya fi dashen da ba a ba shi ruwa. Waɗannan samarin masu waya da mabiya dubbai su ne za su iya sa a yi maganar, da sun taɓa ganin abin da ake sarewa.

Za su ce motsa jiki suka fito, gaskiya ne, hawan jini ba ya jin tarihi. Za su ce tsaro, nan ma ba musu, ba wanda ya ce a kutsa daji, turbar da ke tsakanin ƙauye da ƙauye da rana tsaka ake nufi, bayan an tambayi mutanen gari. Za su ce tsidau na fasa musu taya. To wa ya aike su sayen tayar da ko ƙarangiya ke ba ta tsoro?

Dole dai a sara musu a abu ɗaya: suna tashi da asuba su fita, shi kuwa mai ƙorafin yawanci a benci ake samunsa. Ranar nan, da aka gama faci, yaron ya biya kuɗi ya haye ya bi sawun 'yan'uwansa, kai a sunkuye. Jim kaɗan wani magidanci ya ɓullo daga turbar sabara a kan tsohuwar Phoenix, kaca na ƙara, damin kara a kariya, ɗansa a zaune kan ƙarfen gaba yana riƙe da goran fura. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya gaisa da mai faci, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin wata rijiya da ta ƙafe, sannan ya tsallaka kwaltar ya sake shigewa cikin sabara ta ɗaya gefen.