Labari Ɗaya, Masu Saurare Uku: Nazarin Tarihin Rayuwar Mark Rees a Idon Mai Karatu Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Tarihin rayuwa, watau labarin da mutum yake bayarwa game da kansa, fanni ne wanda manazarta adabin Hausa ba su ba shi irin kulawar da suka ba waƙa da ƙagaggen labari ba. Amma duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, zai lura cewa mai saurare yana da hannu a cikin labarin da ake ba shi, domin tambayarsa ita ke jan akalar mai magana. A kan wannan ma'auni ne wannan takarda za ta auna wani littafin Turanci mai suna Dear Sir or Madam, wanda Mark Rees ya wallafa a 1996. Marubucin an haife shi da jikin mace a Ingila a 1942, ya kuma sauya zuwa rayuwar namiji ta hannun asibitin gwamnati. Manufarmu ita ce mu nuna cewa kafin labarinsa ya iso ga mai karatu sai da ya bi ta gaban likita da gaban alƙali, kuma kowannensu ya bar tambarinsa a jikinsa. Daga nan za mu duba yadda littafin zai karantu ga mutumin karkara, alal misali mutumin Gayam ta ƙasar Birnin Gwari.

2.0 Mai Saurare na Farko: Likita

Tun 1948 Ingila ta kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda ke yi wa jama'a magani da kuɗin haraji. Rees ya nemi magani a 1970, bayan shekarun ƙunci da suka haɗa da sallamarsa daga sashen mata na sojan ruwa. Aka ɗora shi a kan sinadarin maza, watau testostaron, wanda aikinsa shi ne kaurara murya, da fitar da gemu, da ƙara ƙwanji, da tsayar da al'ada. Ya sake suna a 1971, sa'an nan a 1974 aka fara yi masa aikin fiɗa, aka cire masa nonuwa. Hukumar lafiya ce ta ɗauki nauyin aikin.

Abin lura ga manazarci a nan shi ne, babu awon jini ko hoton ƙashi da zai nuna wa likita irin damuwar da Rees ya zo da ita. Jikinsa lafiyayye ne. Shaidarsa ɗaya tak ita ce labarinsa, kuma tun da dukiyar jama'a za a kashe, dole labarin ya gamsar da likita kafin a buɗe ƙofa. Wani manazarci, Jay Prosser, ya nuna a littafinsa Second Skins na 1998 cewa tarihin rayuwar irin waɗannan mutane a ɗakin likita yake fara samun siffarsa. Shi ya sa zubin littattafan nasu yake kama da juna: yarinta mai cike da ƙin tufafi da wasannin da aka ɗora wa yaro, sai firgicin balaga, sai ranar da ya ji cewa ciwon nasa yana da suna, sai magani, sai hutawa. Littafin Rees ya bi wannan turba.

Wannan ba ya nufin marubucin ƙarya ya shara. Abin da yake nufi shi ne, labarin da aka maimaita a gaban mai ikon cewa i ko a'a yakan goge kamar dutsen niƙa, ƙaiƙayinsa ya tafi. Duk wani kokwanto da zai iya ɓata wa mai nema hujjarsa yakan koma baya. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a ransa, kamar yadda yake riƙe cewa maroƙi a gaban sarki yake waƙa.

3.0 Mai Saurare na Biyu: Alƙali

Jigon littafin na ainihi yana ɓoye a cikin sunansa. Kalmomin nan su ne gaisuwar da ma'aikacin ofis yake buɗe wasiƙa da ita idan bai san ko namiji ne ko mace zai karanta ba, kamar a ce "Zuwa ga Malam ko Malama". Watau tun daga bango marubucin ya nuna cewa da takarda yake rigima.

Gwamnatin da ta biya kuɗin fiɗa ita ce kuma ta ƙi gyara rajistar haihuwa. Babban Magatakardan Rajista ya ƙi roƙon Rees a 1980. Hujjar hukuma ta samo tushe daga shari'ar Corbett ta 1970, inda Mai Shari'a Ormrod ya yanke cewa, a sha'anin aure, jinsin mutum yana tabbata ne tun ranar haihuwa, bisa ƙwayoyin halitta da gaɓoɓin haihuwa na ciki da na waje. Saboda haka Rees ya zama namiji a fasfo, inda aka ƙara masa laƙabin maza a 1984, amma mace a rajista. Ba shi da ikon auren mace. Burinsa na zama limamin Cocin Ingila shi ma ya ci tura, domin cocin bai fara naɗa mata wannan muƙami ba sai a 1994.

Ya kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg a Faransa. Ranar 17 ga Oktoba, 1986, kotun ta ba gwamnati gaskiya, da ƙuri'a 12 a kan 3 game da haƙƙin sirrin rayuwa, da kuma baki ɗaya game da haƙƙin aure. Idan aka jera hukuncin da littafin za a ga bambancin salo ƙarara. Hukuncin ya dunƙule shekaru arba'in na rayuwar mutum a 'yan sakin layi, kwanan wata bayan kwanan wata. Littafin kuwa, da ya fito shekaru 10 bayan haka, ya zama tamkar ɗaukaka ƙara zuwa gaban jama'a. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa yake: mai ƙara ba ya kawo hujjar abokin shari'arsa, don haka likita da magatakarda da malamin coci duk ta tagar marubucin kaɗai muke hango su.

Tarihi bai tsaya nan ba. A shari'ar Goodwin ta 2002 kotun nan ta sake ra'ayi, ta ce bai dace da hankali ba gwamnati ta biya kuɗin aiki sa'an nan ta ƙi amincewa da sakamakonsa. Daga nan aka yi Dokar Amincewa da Jinsi ta 2004. Amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa, a ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010, kalmomin "mace" da "namiji" suna nufin jinsin haihuwa. Ashe tambayar da ke bangon littafin ba ta gama samun amsa ba ko a ƙasar marubucin.

4.0 Mai Saurare na Uku: Mai Karatu a Gayam

Mafassarin da zai juya littafin nan zuwa Hausa zai fara cin tuntuɓe da suna. Muna da "ɗan daudu", wanda Rudolf Gaudio ya yi nazarinsa a Kano a littafinsa na 2009, amma wannan namiji ne mai ɗabi'ar mata, kuma asibiti ba ta cikin lamarinsa. Muna da "kallabi tsakanin rawuna", amma wannan yabon jaruntakar mace ne. Muna da "mata-maza", wadda ita ce mafi kusa, sai dai tana nufin wanda aka haifa da gaɓoɓi masu rikitarwa, abin da malaman fiƙihu ke kira hunsa.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan babi. Littafin Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, da mas'alar hunsa ya rufe. Ana duban alamomi: mafitar fitsari, da tsirar gemu ko nono, da haila. In alamomi suka ƙi rinjaya, sai a kira shi hunsa mushkili, a ba shi rabin gadon namiji da rabin gadon mace a mazhabar Malikiyya. A kan wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1989 cewa ya halatta a yi wa mai rikitattun gaɓoɓi magani don bayyana jinsin da ya rinjaya, ta kuma haramta sauyawa ga wanda halittarsa ta cika. Misalin da aka sani a Nijeriya na farkon ne: ɗan ƙwallon nan James Johnson, wanda ya yi wasa cikin mata da sunan Iyabo Abade kafin awo ya nuna mata-maza ne, aka yi masa aiki a Amurka a 2004.

Bambancin a fili yake. Fiƙihu alama yake nema, wadda wani zai gani ya shaida. Asibitin da Rees ya je labari ya nema, wanda mai shi kaɗai ke iya bayarwa. Mai karatu Bahaushe zai tsaya a nan, kuma mafassarin da ya kira Rees mata-maza don ya sauƙaƙa wa kansa ya ci amanar littafin da ta fiƙihu gaba ɗaya.

Duk da haka, akwai inda littafin zai taɓa mutumin Gayam. A ƙauyukan da ke gefen dajin Birnin Gwari, inda haihuwa a gida ta fi yawa, rajista ta farko ita ce maganar ungozoma, ta biyu kuma raɗin suna ran bakwai a gaban jama'a. A kan wannan furuci ake gina sahun salla, da rabon gado, da aure, da wanda zai yi wa mutum wankan gawa. Idan aka haifi jariri mata-maza, gwanayen da za su duba shi suna manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma shekarun da 'yan bindiga suka yi suna tare hanyoyin yankin sun ƙara wa tafiyar nisa. Yaron da aka raɗa wa sunan mace, balaga ta zo masa da gemu, zai gane ciwon mutumin da jikinsa ke faɗin abu ɗaya, shaidar jama'a na faɗin wani, ko da yake asalin matsalarsu daban ne, hukuncinsu ma daban.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa littafin Rees ya gaji zubinsa daga ɗakin likita, ya gaji jigonsa daga zauren kotu. Darajarsa ga manazarcinmu ba ta rataya a kan yarda da abin da marubucin ya zaɓa ba, domin nazari daban, fatawa daban. Abin da yake koya mana shi ne mu riƙa tambayar kowane tarihin rayuwa: wa aka fara ba wannan labari, kuma me mai labarin yake nema a hannunsa? Yana kuma nuna mana giɓi a adabinmu. Fiƙihu ya yi wa hunsa babi, kafofin labarai sukan kawo labarinsa don mamaki, amma da wuya a ji shi da bakinsa. Aikin da ke gaban ɗalibanmu shi ne su tattaro irin waɗannan labarai daga masu su, da izininsu, tare da sakaya sunayensu, su kuma rubuta a fili irin tambayoyin da suka yi, domin mai karatu ya san hannun da ya ja akalar.