Hayaƙi a cikin sito

Idan ana gardama kan motar ɗaga kaya, ta lantarki ce ta fi ko mai shan mai, da kuɗi ake fara lissafi, alhali inda za ta yi aiki ya kamata a fara dubawa. A ganina, duk motar da za ta wuni cikin rufaffen sito ta batir ce ta dace. Injin dizal yana fesa baƙin hayaƙi, na gas kuwa, wanda ake yi wa kallon mai tsabta, yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi balle wari. Direba da masu lodi su fara jin ciwon kai da jiri, a ce zafi ne, su sha magani su koma bakin aiki. Ga ƙarar injin da ke hana direba jin wanda ke ƙwala masa kira daga baya.

Masu suka suna da hujja. Ta lantarki ta fi tsada wajen saye, kuma tsohon batirin dalma yakan yi aikin awa 8, ya ci caji awa 8, ya huce awa 8, dole masana'antar da ke aiki dare da rana ta tanadi na canji. Sai dai batirin litiyam ya rage wannan wahala, domin ana iya jona shi lokacin hutun cin abinci. Motar lantarki kuma ba juyen baƙin mai, ba canjin filogi, kuma idan ta tsaya jiran tirela ba ta cin komai. Ita kanta ba baƙuwa ba ce: tun 1923 kamfanin Yale ya ƙera irinta a Amurka.

Sukar da ta fi nauyi ta mai masana'anta ce a Sharaɗa ko Bompai, wanda zai ce ina wutar? Idan da janareto za a yi caji, ai dizal ɗin dai aka ƙona. Gaskiya ne, amma janareto a waje yake, hayaƙinsa ba ya taruwa tsakanin buhunan shinkafa da hancin ma'aikaci, kuma rufin sito fili ne babba na shimfiɗa faifan sola.

A filin tashar jiragen ruwa, ko wurin lodin katako mai laka da ramuka, inda kayan ke da nauyi ƙwarai kuma iska ke kaɗawa, har yanzu dizal na da gurbinsa. Amma mai sito da ya shigo da motar dizal cikin bango huɗu don sauƙin farashi, da lafiyar ma'aikatansa ya biya cikon kuɗin.