Auren Biyan Buƙata a Kunnen Mai Sauraro: Nazari Kan Littattafan Soyayya na Tarihin Ingila

A cikin littattafan soyayya na Turawa akwai wani reshe da ya kusa ƙarni guda kasuwarsa ba ta faɗi ba. Shi ne labarin da ake ginawa a kan Ingila ta shekaru 200 zuwa 250 da suka wuce, zamanin keken doki da takobi da manyan gidajen sarauta. A cikin wannan reshe kuma akwai jigon da marubuta ba sa gajiya da komawa gare shi, wato auren biyan buƙata. Namiji da mace za su yi aure babu so a tsakaninsu, sai dai kowa yana da matsalar da ɗayan zai warware masa. Shi yana neman magaji ko kuɗin fansar gidan gado, ita tana neman mafaka ko rufin asirin iyayenta. Akan ɗaura auren tun a farkon littafi, soyayya kuwa sai can dab da ƙarshe.

A yau da yawa daga masu bin waɗannan labarai a waya suke sauraronsu, suna tuƙi ko girki ko guga. Wannan nazari zai duba yadda masu sauraro ke karɓar irin wannan labari, da dalilin da ya sa hukuncin kunne yake shan bamban da na ido.

Ƙasar da jigon ya tsiro

Ba a fahimtar auren biyan buƙata sai an san dokar Ingila ta wancan lokaci. Idan mace ta yi aure, kuɗinta da kayanta sukan koma hannun mijinta, in ban da abin da iyayenta suka killace mata a rubuce kafin ɗaurin aure. Sai da aka yi dokokin 1870 da 1882 matar aure ta samu ikon mallakar abinta. Saki kuwa, kafin 1857, sai an je har majalisar dokoki, abin da sai mai hannu da shuni ke iyawa. A gidajen sarauta babban ɗa namiji ke gadon suna da gida da gonaki, 'yan mata sai abin da aka yanka musu. Ga mai karatu Bahaushe wanda ya saba da cewa sadaki haƙƙin mace ne, gadonta nata ne, dukiyarta ba ta zama ta miji, wannan tsari abin mamaki ne. A can dukiyar amarya ce ke bin ta zuwa aljihun ango.

Saboda haka aure shi ne babbar hanyar da 'yar gidan mutunci za ta tsira daga talauci, shi ne kuma hanyar da basaraken da bashi ya yi wa katutu zai tsira da gidansa. Jane Austen, wadda ta rayu a cikin zamanin, ta nuna haka a littafinta Pride and Prejudice na 1813, inda Charlotte Lucas, mai shekara 27, ta auri mutumin da ba ta so don kawai ta samu ɗakin kanta. Austen ba ta yi mata alƙawarin cewa so zai biyo baya ba. Marubutan ƙarni na 20 ne suka ƙara wannan alƙawari, shi ne kuma ya zama ƙashin bayan jigon.

Georgette Heyer da matan da suka nemi aure da bakinsu

Wadda ta aza harsashin wannan reshe ita ce Georgette Heyer, wadda aka haifa a 1902 ta rasu a 1974. Littafinta The Convenient Marriage ya fito a 1934, labarin kuma yana faruwa a Landan ta 1776. Basaraken Rule, mai shekara 35, ya nemi auren Elizabeth, babbar 'yar gidan Winwood. Gidan na da asali amma caca ta cinye dukiyarsa, ita kuwa Elizabeth zuciyarta na wurin wani matashin hafsan soja mai ƙaramin ƙarfi. Sai autarsu Horatia, 'yar shekara 17, gajeruwa mai kaurin gira, mai in'ina, ta wanke ƙafa ta tafi gidan basaraken ba da sanin mahaifiyarta ba. Ta ce ya aure ta a madadin yayarta, ya taimaka wa hafsan ya samu ƙarin girma, ita kuma ta yi alƙawarin ba za ta sa masa ido a harkokinsa ba. Ya amince. Sauran littafin labarin yadda wannan alƙawari ya gagari su biyun ne, ga farkarsa ta da, ga tsohon abokin gabarsa, ga ɗan'uwan da ke jiran gadon sarauta, kowa na neman raba su.

Shekara 72 bayan haka Lisa Kleypas ta bi wannan sawu a Devil in Winter na 2006. Ita ma jarumarta, Evie, mai in'ina ce, ita ma da kanta ta je ta yi wa wani basarake mai baƙin suna tayin aure, don ta kuɓuta daga dangin da ke neman dukiyarta. Suka gudu Gretna Green, ƙauyen da ke kan iyakar Sikotilan, inda masoya suka riƙa zuwa ɗaurin auren gaggawa bayan dokar 1753 da ta tsaurara sharuɗɗan aure a Ingila.

Abin da kunne ke kamawa

Littafin sauraro ya faro ne a shekarun 1930 a Amurka da Birtaniya, a kan faifan garmaho, domin makafi. Daga nan ya bi kaset da faifan CD har ya shiga waya. Kamfanin Audible, wanda aka kafa a 1995 kuma Amazon ta saye shi a 2008, yana ba mai sauraro damar ba da maki kashi uku: na labari, na karatu, da na aikin gaba ɗaya. Wannan rabon kaɗai ya isa ya nuna cewa mai karantawa ya zama marubuci na biyu. Sau da yawa za ka ga an yaba labari an kushe murya, ko an yaba murya an ce labarin bai kai ba.

Babu jigon da ya dogara da murya kamar auren biyan buƙata. Dalili kuwa shi ne ma'auratan sun yi yarjejeniya cewa babu so, don haka ko ya shigo ba mai iya furta shi. Rabin littafin bakinsu na faɗin wani abu, zuciyarsu na faɗin wani. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mai sauraro ba ya ganin fuska, muryar kaɗai zai tambaya. A babin farko amarya za ta kira mijinta da laƙabin sarautarsa cikin murya busasshiya, irin ta baƙo da baƙo. A babi na goma laƙabin bai canza ba, amma gwanin karatu zai sassauta shi, ya ɗan ja numfashi kafin ya faɗe shi, har mai sauraro ya gane an samu sauyi tun kafin marubuciya ta faɗa. Ranar da za ta kira shi da sunansa na yanka, mai sauraron da ya yi awa bakwai yana jira zai ji abin har cikin ƙirjinsa. Idan mai karatu ya kasa wannan, ya karanta babin farko da na ƙarshe da murya ɗaya, ya kashe littafin ko da bai yi kuskuren kalma ɗaya ba.

In'inar Horatia ta fi komai bayyana wannan bambanci. A takarda Heyer takan maimaita harafin farko na kalma ta sa ɗan layi, ido kuma da ya saba sai ya riƙa tsallakewa. Kunne ba shi da wannan dama, duk inda harshenta ya sarƙe sai ya tsaya tare da ita. Shi ya sa ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce abin yana gundurarsu, wasu kuwa sun ce sai da suka ji ta da kunne suka san girman ƙarfin halin yarinyar da kalma ke maƙale mata amma ta tsaya gaban babban mutum tana ciniki a kan rayuwarta. A ganina na biyun sun fi gaskiya, domin in'inar ce ke nuna tsadar kowace jimla da ta furta.

Inda masu sauraro suka rabu

Saɓani na farko a kan muryar jinsi ne. A 2010 kamfanin Naxos ya fitar da The Convenient Marriage da muryar Richard Armitage, ɗan wasan da ya yi suna a shirin North and South na BBC a 2004. Muryarsa mai kauri ta dace da basaraken Rule, mutum mai magana a hankali wanda ba a gane fushinsa sai an kasa kunne, kuma sunansa ya jawo mutanen da ba su taɓa buɗe littafin Heyer ba. Amma duk namijin da zai karanta maganar budurwa yana tafiya a kan siraɗi: in ya matse murya da yawa abin ya zama ba'a, in bai matse ba a rasa gane mai magana. Haka mace take fama idan za ta yi muryar basarake. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni ke haɗa namiji da mace a littafi ɗaya, ko dai su riƙa karɓa-karɓa babi bayan babi, ko kowa ya ɗauki maganganun jinsinsa.

Na biyu shi ne taƙaitawa. Karatun Armitage taƙaitacce ne, an datse wani kaso na littafin. Sabon shiga ba zai lura ba, amma tsofaffin masoya Heyer sukan yi ƙorafi, kuma suna da hujja. Abin da mai almakashi yake ganin ba shi da amfani, irin hirar karin kumallo da 'yar gardama a kan bashin caca, nan ne shaƙuwa take tsirowa. In aka cire su, soyayyar ƙarshe sai ta zo kamar daga sama.

Na uku ya fi nauyi, shi ne batun yarda. Tazarar shekara 18 da ke tsakanin Horatia da mijinta tana damun masu sauraron yau fiye da yadda ta dami masu karatun 1934, murya kuma tana ƙara fito da ita, domin kunne na jin yarinta a gefe guda da manyanta a ɗaya gefen. Abin da ke ceton labarin a wurin masu kare shi shi ne ita ta kawo tayin, ita ta gindaya sharuɗɗa. Wannan ma'auni ne da masu sauraro ke riƙe da shi sosai. Sukan yafe wa jarumi girman kai da sanyin hali, har da tsohon tarihin banza, amma da wuya su yafe tilas. Littafin Julia Quinn, The Duke and I na 2000, wanda Netflix ta mayar da shi shirin Bridgerton a 2020, ya sha suka a kan wani fage guda na rashin yarda tsakanin mata da miji, duk da farin jininsa.

Na huɗu shi ne yadda labari ke ƙarewa. A Civil Contract, wanda Heyer ta fitar a 1961, labarin Adam ne, hafsan soja da ya dawo gida ya tarar mahaifinsa ya bar masa sarauta da tulin bashi. Dole ya haƙura da kyakkyawar da yake so ya auri Jenny, 'yar wani hamshaƙin ɗan kasuwa, wadda ba ta da kyan da za a yi zancensa. Jenny ta riƙe masa gida, ta san abincin da yake so, ta san lokacin da ya kamata ta yi shiru. A ƙarshe ya gane ita ce natsuwarsa, amma wutar son da ya yi wa ta farkon bai taɓa yi mata irinta ba, ita ma ta san haka. Har gobe masoya Heyer ba su daidaita a kan wannan littafi ba. Wasu na cewa an zalunci Jenny, wasu na cewa shi ne mafi gaskiya a duk abin da ta rubuta. A nan ma mai karatu na da hannu, domin yadda ya furta shafukan ƙarshe, cikin ɗumi ko cikin haƙuri, shi ke karkata mai sauraro zuwa ɗaya daga ɓangarorin.

Inda abin ya shafe mu

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Mun san auren haɗi da auren zumunci, mun san gidajen da aka fara zama babu so kuma haƙuri da kyautatawa suka haifar da ƙauna, mun kuma san waɗanda aka ƙare a kotu. Marubutanmu sun daɗe a kan batun, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya tunkari auren dole da hana 'ya mace ilimi. Bambancin shi ne Baturiya tana sauraron labarin dokar da aka soke tun zamanin kakannin kakanninta, hankalinta kwance. Mai sauraronmu kuwa wataƙila labarin ƙanwarta ko maƙwabciyarta take ji. Saboda haka nauyin da ke kan marubucinmu ya fi girma, kada ya shafa wa tilas zuma ya kira shi soyayya.

Karanta littafi ga masu sauraro ma sana'a ce da ta kafu a wurinmu, daga gidajen rediyo har zuwa tashoshin YouTube, kuma ta isar da adabi ga dubban mata da maza da ba su samu damar karatun boko ba.

Kammalawa

Abin da martanin masu sauraro ke nunawa a fili yake. Suna son auren biyan buƙata ne saboda yana ba su damar jin so yana girma sannu a hankali, daga ladabi zuwa sabo, daga sabo zuwa shaƙuwa. Sharuɗɗansu biyu ne: mace ta shiga da yardarta, muryar da ke ba da labarin kuma ta iya ɗaukar wannan sauyi. Kirana ga masu karanta mana littattafai shi ne su nemi izinin marubuci tukuna, su karance littafin tas kafin su kunna na'ura, su san inda zuciyar kowane jarumi ta juya, kada kuma su datse wuraren da suke ganin labari ya lafa. Mai sauraro ya ba ku kunnensa na awa goma, haƙƙinsa ne ku ba shi aikin da aka yi da natsuwa.