Sojan da Bai Dawo Ba: Nazarin Hoton Ƙaramin Soja Ɗan Zango a Rubuce-rubucen Yaƙin Bama

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin unguwannin zango na birnin Akra (wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara) zai tarar aikin soja yana cikin tubalan da aka gina su da shi. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami filin Nima daga hannun mutanen Osu. Sai dai unguwar ba ta cika ta batse ba, har ta malala zuwa Maamobi, sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, sa'ad da leburorin barikoki da sojojin da aka sallama suka yi ta kafa ɗakuna a cikinta. Waɗannan su ne suka dawo. Wannan takarda za ta dubi wanda bai dawo ba, wato ƙaramin sojan ƙasa, ɗan talaka, wanda ya bar dako ko kiwo ko zugar maƙera ya sa kaki, aka kai shi Bama ya mutu a can. Tambayar ita ce: wane matsayi rubuce-rubucen da suka shafi yaƙin suka ba shi?

2.0 Suna a Bakin Magatakarda

Kafin a je ga waƙa ko labari, ya kamata ɗalibi ya fara da rubutu mafi gajarta, wato sunan da aka sassaƙa a dutse. Tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da Kyaftin Glover ya kawo dakarunsa daga Ikko, Turawa ke kiran sojojin Gwalkwas da sunan "Hausa", alhali da yawansu Mosawa ne da Gurunsawa da sauran mutanen arewacin ƙasar. Abin da ya haɗa su shi ne Hausar bariki, wadda da ita ake ba da umarni. Daga nan ne kalmomi irin su kuratu da farabiti da kofur da samanja suka zauna a harshen.

In saurayi ya zo shiga soja, magatakarda kan rubuta sunansa na yanka, sa'an nan ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsu: Moshi, ko Dagarti, ko Fulani, ko Kano. Sanannen misali shi ne Alhaji Grunshi, wanda ake ɗauka shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin watan Agusta 1914. Shi ya rayu, har ya kai muƙamin babban samanja, amma ko shi sunan ƙabila ya tsaya a gurbin sunan mahaifinsa. To, ina ga wanda ya mutu yana kurtu? Ga Bahaushe, mutum wane ne ɗan wane. Idan aka cire "ɗan wane", an yanke igiyar da jika a Nima zai bi ya gane kakansa.

Abin ya fi haka muni a yaƙin farko. Rahoton da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar a 2021 ya nuna aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton ya kawo ra'ayin Gwamna Guggisberg na Gwalkwas a 1923, cewa talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. A yaƙi na biyu an sami sauyi. Bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan, yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kaburburansu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. An rubuta sunan ke nan, amma sunan da magatakarda ya ba shi.

3.0 Waƙar Maraba

Fitacciyar rubutacciyar waƙar Hausa game da wannan yaƙi ita ce "Maraba da Soja" ta Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. Sunanta ya riga ya bayyana jigonta. Yabo ce ga waɗanda suka komo, kuma sha'irin ya ɗaure jaruntakarsu da zancen 'yanci. Ba za a zarge shi da wannan zaɓi ba, domin maraba da mai rai ake yi, kuma abin da ke gabansa shi ne siyasar gobe. Sai dai ɗalibi ya lura da giɓin. Reshen waƙa da ya dace da mamaci shi ne marsiyya, ita kuwa a al'adar rubutacciyar waƙa malamai da sarakuna da shugabanni aka fi yi wa. Yaron da ya bar zango da riga ɗaya ba ya cikin wannan sahu.

4.0 Ali Banana da Matsalar Tauraro

Littafin da ya fi kusantar wannan yaro da Ingilishi aka rubuta shi. Shi ne ƙagaggen labarin Burma Boy na Biyi Bandele, wanda ya fito a 2007. An haifi marubucin a Kafancan a 1967, ya rasu a 2022, kuma mahaifinsa ya yi yaƙin Bama. Tauraron labarin, Ali Banana, yaron maƙeri ne ɗan shekara goma sha huɗu da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi. Ya faɗa cikin dakarun Cindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke a bayan sahun Jafanawa a 1944, suka tsare sansanin da ake kira White City. Bataliyoyin Afirka da suka yi wannan aiki na Nijeriya ne. Na Gwalkwas suna cikin Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka ratsa kwarin Kaladan da yankin Arakan har aka ci Myohaung a Janairu 1945. Duk da haka mai karatu a Nima ba zai ji Ali baƙo ba ne, domin bariki ɗaya ce ta yaye su, da harshe ɗaya.

A nan ƙarfin littafin yake. Bandele ya bar Hausar bariki ta leƙo ta cikin Ingilishinsa, inda Sarkin Ingila ya zama Kingi Joji, Ali kuma Farabiti Banana. Wannan salo ya wuce ado. Yana nuna yadda yaran suka murɗa daular da ta ɗauke su har ta yi daidai da bakinsu, kamar yadda ake kiran hakimin gari. Haka kuma surutun Ali da barkwancin abokansa sun yi aikin da yabo ba zai iya ba, saboda sun sa mai karatu ya san su a matsayin yara masu yunwa da gardama da tsoro, ta yadda in harsashi ya sami ɗayansu ana jin an yi rashi.

Amma akwai abin dubawa a zubin littafin. Ya buɗe ne da Wingate a wani otal na Alƙahira a 1941, lokacin da ya yi yunƙurin kashe kansa. Babin ya tsaru, sai dai ya maimaita tsohon tsari: Bature ya shiga da tarihinsa da ciwonsa na zuci, ɗan talaka ya jira a ƙofa. Na biyu kuma, wanda ya fi shafar wannan nazari, Ali bai mutu ba. Akasarin 'yan sashensa sun ƙare, har da Samanja Damisa wanda ya zame masa uba, shi kuwa ya fito da rai, hankalinsa a girgize. Dalilin a fili yake, tun da labari yana bukatar idon da zai kai mai karatu ƙarshe. Sakamakonsa shi ne mutuwar sauran ta zama wani mataki a girman Ali. An nuna yadda suka faɗi, ba a bi saƙon zuwa gida ba, inda za a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in babu wanka, babu likkafani, matar kuma ta shiga takaba a kan maganar takarda.

Ko a tarihin ƙasar Gana ma haka rabon ya kasance. Daga cikin mutum kimanin 65,000 da Gwalkwas ta bayar a yaƙin, sunaye uku ne ɗan makaranta ya haddace: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Su ukun sun dawo lafiya. A mararrabar Christiansborg aka harbe su ranar 28 ga Fabrairu 1948, suna kan hanyar kai kukan haƙƙoƙinsu ga gwamna, mutuwarsu kuma ta shiga labarin neman mulkin kai, ana tunawa da ita kowace shekara. Abokansu da suka kwanta a Kaladan kuwa, abin da ya komo daga gare su sunayen wurare ne. Babbar barikin Akra, wadda ba ta da nisa da Nima, ita ake kira Burma Camp, akwai kuma barikin Arakan a cikin birnin, da ta Myohaung a Takoradi.