Mu Karanta Dala

Ya kai mai karatu, in kana da dala a aljihu, fito da ita. Kuɗi ma abin karantawa ne.

A gefe guda akwai kan barewa. Wannan zane ya yi kyau. An fitar da ƙahoni da kunnuwa sarai, ko yaro a Mayahi zai gane ta. To, juya ɗaya gefen. Me ka gani? Wani zai ce ƙadangare ne, wani ya ce laya ce. Kifin teku ne, mai baki kamar zarto. Mutanen Akan na Gana da Kodebuwa suka riƙa ƙera shi da tagulla, suna auna zinariya da shi. Bankinmu, BCEAO, ya ɗauke shi ya zama alamarsa. A wurinsu yana da ma'ana. Mu nan Tasawa teku ta yi mana nisa. Rubutun kuma duk Faransanci ne.

Kusan shekara 2000 da suka wuce, Rumawa sun yi wata dabara. Garuruwa da yawa na ƙarƙashinsu suna buga nasu kuɗin tagulla. Gefe guda kan sarkin Ruma, ɗaya gefen kuwa labarin da mutanen garin suka sani. Korinti ta ƙasar Girka ta sa doki mai fukafukai. Iskandariya ta Masar, a zamanin sarki Antoninus (138 zuwa 161), ta sa jarumi Harkilis yana kokawa da zaki. Har a Libiya, inda samarinmu ke zuwa ci-rani, an buga irinsu. Yau akwai masu tara su, suna saye da tsada. Ba tagullar suke saye ba, labarin ne.

Ban ce a sa mana gumaka ba. Kuma a faɗi gaskiya, ƙasa 8 ke cin kasuwa da dalar nan, ba ta ɗaukar labarin kowa. A 1981 an fito da dala biyu mai hoton mutane suna jan ruwa a famfo. Ta fi kifin kusa da mu, amma gargaɗi ne, irin na malamin asibiti. Ba wanda zai zauna da dare ya ba jikansa labarin famfo. Da Sarauniya Mangu ta Lugu aka sa, wadda ta tari sojan Faransa a 1899, da tsofaffi sun sami abin faɗi a bakin kasuwa.